Shaidar da Gwaggo Ba Ta Buga Ba

A ƙarshen barandar babbar kotu, in ka wuce ɗakin ajiye kayan shaida da famfon da ya daina kawo ruwa tun zamanin alƙalai uku da suka gabata, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Nan ne ofishin Gwaggo. Kowa Gwaggo yake ce mata: masinjoji, 'yan sanda, lauyoyi, har da alƙalan da suka girme ta. An taɓa aiko mata da takardar ƙarin girma da sunanta na gaskiya a jiki, takardar ta yi mako biyu tana yawo ofis-ofis ana neman mai ita.

Aikinta buga takardu ne. A wannan kotu alƙali da hannunsa yake rubuta duk abin da aka faɗa a gabansa, a cikin wani babban littafi mai baƙin bango. In an yanke hukunci wani ya ɗaukaka ƙara, sai a kawo wa Gwaggo littafin, ta buga shi tun daga shafin farko har na ƙarshe, magatakarda ya sa hannu, a ɗinke, a aika kotun sama. Shekara talatin da ɗaya tana wannan. Ta fara da tafireta, ta koma kwamfuta, amma yatsunta ba su sami labarin canjin ba. Har yau dukan madannai take yi kamar sun yi mata rashin kunya, kuma duk shekara sai an saya mata sababbi.

Tana da hanyarta ta aiki. Sai ta buɗe littafin a hagunta, ta ɗora rula a ƙarƙashin layi, ta buga, ta saukar da rular, ta buga na gaba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Gwaggo ba ta karanta abin da take bugawa. A shekararta ta farko an ba ta shari'ar wani jariri da aka tsinta a rijiya, ta yi kwana uku ba ta iya haɗiye abinci ba. Tsohuwar da ta koya mata aiki ta zaunar da ita ta ce, "Ki bar ido da yatsa su yi hirarsu. Ke kada ki sa musu baki." Gwaggo ta koyi wannan har ta fi malamar. Tana buga kisan kai tana tunanin maganin ƙafar maigidanta, tana buga rikicin gado tana lissafin ranar da 'yarta za ta haihu. Wata rana yaran ofis suka cusa mata takarda a tsakiyar aiki, mai cewa ita Gwaggo ta yi murabus ta bar wa masinja kujerarta da fankarta. Ta buga ta tsaf, kwafi uku, ta kai wa magatakarda ya sa hannu. Shi ma ya sa.

Abin da ya sa ba a iya yin komai ba tare da ita ba shi ne rubutun Tsoho. Tsoho shi ne alƙalin ɗaki na biyu, mutum mai sanyin murya, wanda rubutunsa ya yi kama da tururuwa sun faɗa tawada suna neman hanyar gida. Duk ginin Gwaggo kaɗai ke gane shi. Shi kansa yakan aiko mata da littafin wani lokaci a tambaye ta me ya rubuta ranar Talata.

Shekara uku da suka wuce Tsoho ya yi shari'ar wani manajan otal. Wata mai wanki da guga a otal ɗin ce ta kai ƙara cewa ya rufe ta a ɗakin ajiye zannuwan gado ya yi mata fyaɗe. Tsoho ya same shi da laifi, ya ɗaure shi shekara goma sha huɗu. Bayan wata takwas Tsoho ya rasu a kan kujerarsa ta gida, da tabarau a hanci. Dangin manajan suka ɗauki babban lauya suka ɗaukaka ƙara, littafin ya zo teburin Gwaggo, ta buga shafi ɗari biyu da goma sha biyu cikin mako uku, aka ɗinke aka aika. Ba ta sake tunawa da shi ba, don tun farko ba ta san abin da ke ciki ba.

Wata safiyar Litinin lauyar gwamnati ta shigo ɗakin ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Yarinya ce ƙarama mai saurin tafiya, wadda Gwaggo ke yi wa tsiya cewa rigar lauyan ta fi ta nauyi. Ranar ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ajiye ɗinkakken kundin a kan madannai ta buɗe shafi na tamanin da bakwai.

"Gwaggo, ina shaida ta uku?"

"Tana inda Tsoho ya ajiye ta. Ni ban taɓa rage wa mutum kalma ba, 'yar nan. Ki tambayi kowa."

"To karanta mini nan."

Gwaggo ta gyara tabarau. Layi uku ne a tsakiyar shafin, an buga su da kyau, tazara daidai: "An fitar da jama'a daga ɗaki. Shaida ta uku ta yi bayani. A duba ƙaramin littafi." Layin da ke biye kuma ya ce an kira shaida ta huɗu.

"Shaida ta uku ita ce mai gugar," in ji lauyar. "Ita ce shari'ar gaba ɗaya. Wane ƙaramin littafi ne?"

Gwaggo ta dubi layukan. Yatsunta ne suka buga su, babu shakka. Ta gane yadda take barin fili bayan aya. Ta nemi ranar a cikin kanta ba ta same ta ba.

Lauyar ta ja kujera ta zauna, ta yi mata bayani a hankali, ko da yake Gwaggo ta san dokar tun kafin a haifi lauyar. Alƙalan kotun sama ba sa kiran shaida, ba sa ganin fuskar kowa. Takarda kawai suke karantawa, abin da ba ya cikinta kuwa a wurinsu ba a faɗe shi ba. Tsoho ya rubuta a hukuncinsa cewa ya gaskata mai ƙara, amma lauyan manaja yana tambaya: ya gaskata me? In ba a samo bayanin ba kafin zaman da za a yi nan da kwana goma sha biyu, za a rushe hukuncin. Ko a saki mutumin, ko a ce matar ta dawo ta sake faɗin komai daga farko.

Magatakarda da ya ji, sai ya cire hularsa ya duba cikinta kamar littafin yana can. Saura masa wata bakwai ya yi ritaya.

"Gwaggo, ni fa a kan aikinki na sa hannu."

"Na sani, Yallaɓai. Kai ba ka karanta ba, ni ban karanta ba. Da mai ɗinkin ya iya karatu da ya cece mu."

"Ba lokacin wasa ba ne."

"Ba wasa nake yi ba."

Kwana huɗu ta yi a ɗakin ajiyar fayil, inda rufin ke yoyo, ɓeraye kuma sun cinye shari'o'in filaye na kusan shekara biyar ba wanda ya ɗaukaka ƙara a kansu. Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta sauke kwali bayan kwali. Ta sami rasit, ta sami takalmi ƙafa ɗaya da aka taɓa kawowa shaida, ta sami takardar murabus ɗinta kwafi ɗaya. Ba ta sami ƙaramin littafi ba. A gida maigidanta, wanda ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo kuma ya saba da cewa abin da ya ɓace ƙarƙashin tebur yake, ya ce mata, "Mutum in yana ɓoye abu daga 'yan ofis, ai ba a ofis zai ajiye ba."

Washegari ta shiga mota ta tafi gidan Tsoho. Matarsa ta tarbe ta a baranda, tsohuwa mai yawan dariya da ciwon gwiwa.

"Kishiyata ta takarda," in ji ta. "Sai yau? Ke kaɗai ce macen da ta san abin da mijina ke rubutawa. Ni wasiƙar da ya aiko mini muna saurayi da budurwa har yau ban san ko so ne ko sallama ba."

Da Gwaggo ta faɗi abin da ya kawo ta, dariyar ta tsaya. Matar ta shiga ciki ta jima, ta fito da wata tsohuwar jakar hannu. Littattafai bakwai ne a ciki, irin na 'yan makaranta, masu shuɗin bango.

"Ya ce in ya mutu in ƙone su. Na kasa. Kin san dalilinsu? Akwai wata mata da ta ba da irin wannan shaida a gabansa, tun yana sabon alƙali. Ya fitar da jama'a, ya rubuta a babban littafi. Kafin mako ya zagayo ana maimaita maganarta a tashar mota, kalma da kalma, ana dariya. 'Yan ofis ne suka buɗe littafin. Matar ta bar garin. Daga ranar ya ce ba zai ƙara sa irin wannan a inda hannu ke kaiwa ba. In aka ɗaukaka ƙara shi da kansa yake zama ya buga shafukan da yatsa biyu, ya kai wa magatakarda a haɗa."

Gwaggo ta buɗe na farko. Babu suna, babu lambar shari'a, babu kwanan wata, babu sa hannu. A saman kowane bayani ya rubuta ranar mako kawai, Laraba, ko Alhamis, sai kuma "ta ce". Ta buɗe na biyu, haka. Duk bakwai ɗin haka. Mata ashirin da wani abu ne a cikin jakar, kuma ba yadda za a yi a gane mai gugar sai an karanta.

Ta nemi rula, babu. Ta zauna a kan tabarma a barandar, matar Tsoho ta kawo mata shayi ta koma ciki ta ja ƙofa. Gwaggo ta fara daga littafi na farko. Akwai ɗaliba, akwai mai sayar da kayan miya, akwai wata da ta girmi Gwaggo. Rubutun da ta yi shekaru tana alfahari da gane shi, ranar ta yi fatan ya gagare ta. Shayin ya huce ƙuda ya faɗa. Inuwa ta tashi daga wannan gefen barandar ta koma wancan.

A littafi na shida ta same ta. Shafi goma sha ɗaya. Ta ce manajan ya aike ta ta ƙirga zannuwa, ya biyo ta, ya murɗa makulli ya sa a aljihu. Ta ce ta kira sunan abokiyar aikinta sau biyu, injin wanki yana ƙara ba wanda ya ji. Ta ce ta bar dutsen guga a kunne a kan rigar filo, tana jin ƙaurinsa ta ƙarƙashin ƙofa tun daga farko har ƙarshe, kuma washegari shi da kansa ya kira ta gaban ma'aikata ya yi mata faɗa a kan rigar filon da ta ƙone. A gefen shafi na tara Tsoho ya rubuta da ƙananan baƙaƙe, "An dakata. An ba ta ruwa."

Shafi goma sha ɗaya aikin awa ɗaya ne a wurin Gwaggo. Wuni guda ta yi a kansu, tana kuskure tana gogewa. Masinja ya leƙo ya ce yau madannan sun huta, ba ya jin ƙararsu daga baranda. Ta yi takardar rantsuwa cewa wannan rubutun marigayi ne, ta san shi shekara goma sha tara, kuma ita ce ta tsallake layin da ya ce a duba. Magatakarda ya karanta takardar sau biyu kafin ya sa hannu, abin da ba a taɓa gani ba.

Ranar zaman ta nemi izini ta tafi kotun sama, ta zauna a benci na baya. Ba ta taɓa ganin inda aikinta ke ƙarewa ba. Alƙalai uku ne a sama, kowanne da kundinta a gabansa, ɗaya ma ya ɗora kofinsa a kai. An kawo manajan daga gidan yari, ya rame, yana ta gyara wuyan riga. Danginsa sun cika benci biyu. Mai gugar ba ta zo ba, ba a buƙatar ta.

Lauyan manaja mutum ne mai ladabi, kuma ladabin ne ya fi ba Gwaggo tsoro.

"Ya masu girma, ba ma shakkar wannan baiwar Allah da ta yi rantsuwa. Duk wanda ya yi aiki a wancan gini ya san ta. Ba ma shakkar rubutun marigayi. Tambayarmu ɗaya ce: maganar wace ce? Babu suna, babu lamba, babu rana, babu sa hannu. An ɗauko shi daga jaka a gidan mutum, tare da wasu shida irinsa. Otal nawa ne a ƙasar nan? Masu guga nawa? In za a ɗaure mutum shekara goma sha huɗu, a ɗaure shi da littafin kotu."

Lauyar gwamnati ta yi iya ƙoƙarinta. Ta nuna cewa ɗakin zannuwa da rigar filon da ta ƙone suna cikin bayanin shaida ta huɗu, ta ce ba za a sami mata biyu da filo ɗaya ba. Alƙalin tsakiya ya gyaɗa kai yana rubutu. Na hagu ya tambaye ta ko akwai dokar da ta yarda alƙali ya riƙe littafin shari'a a gidansa. Ta ce babu.

Bayan mako biyar aka karanta hukunci. Alƙalai biyu sun rinjayi ɗaya. An ƙi karɓar ƙaramin littafi, an rushe hukuncin Tsoho da ɗaurin da ya yanke, an ce a sake shari'ar daga farko a gaban wani alƙali, an ba da manajan beli. Lauyar ta zo ɗakin Gwaggo ta faɗa mata a tsaye.

"In mai gugar ba ta zo ta yi magana ba, shi ke nan, babu shari'a. Na kira ta sau shida ba ta ɗauka. Ban ga laifinta ba."

"Ba ni kwatancen inda take."

"Gwaggo, ba aikinki ba ne."

"Na san aikina. Ba ni kwatancen."

Shagon wanki ne ƙarami a wata unguwa bayan layin masu walda, ɗaki ɗaya da tebur biyu, riguna a rataye cikin leda har rufi. Mace ɗaya ce a ciki, doguwa, da goyo a baya, tana guge farar riga. Gwaggo ta san abin da ya faru da wannan mata minti da minti, amma sai da ta tambaya kafin ta tabbata ita ce.

"Ni ce. Kaya za ki karɓa, Mama?"

"Daga kotu nake. Ni ce mai buga takardu."

Dutsen gugar bai tsaya ba. Ya bi hannun riga, ya juyo, ya bi ɗayan.

"An ce wata ce ta yar da maganata. Ke ce?"

"Ban yar ba. Na zo kanta na wuce. An rubuta a duba, ban duba ba."

"Me ya sa?"

Gwaggo ta yi niyyar ba ta labarin jariri da rijiya da tsohuwar da ta koya mata aiki. Ta ga duk ba su da amfani a wannan ɗaki.

"Ba na karanta abin da nake bugawa. Don in iya cin abinci."

Matar ta ɗago ta dube ta a karo na farko, ta ɗan yi wani sauti ta hanci wanda bai kai dariya ba.

"Kin yi dabara. Da ni ma ana iya yi mini haka." Ta jingine dutsen, ta rataye rigar, ta ɗauko wata. "Ki zauna, Mama, ga kujera can. Ki ɗauke wandon mutane."

Gwaggo ta zauna da wandon a cinya.

"Awa biyu da rabi na yi ina magana ranar. Tsohon nan ya fitar da kowa, har ɗan sandan ƙofa. Da na gama ya ce, 'yata, kin faɗa sau ɗaya, ba za ki ƙara faɗa ba har abada. Na yarda da shi. Na canza unguwa, na yi aure. Mijina ya sani. Uwarsa ba ta sani ba, 'yan'uwansa ba su sani ba, mai shagon nan bai sani ba." Yaron ya motsa, ta girgiza shi da kafaɗa ba ta daina aiki ba. "Shekaranjiya ƙawata ta kira ni ta ce ta ga manajan a bakin otal ana yi masa barka."

"Ba wanda zai tilasta miki. Lauyar ma ta ce..."

"Na san abin da za ta ce. Yanzu kin karanta?"

"Na karanta."

"Duka?"

"Duka."

Ta yayyafa ruwa a kan rigar, tururi ya tashi. Ta daɗe tana guge wuri ɗaya. A waje ana ta dukan ƙarfe.

"Ki faɗa wa lauyar zan zo. Amma kada a fitar da kowa. A bar ƙofa a buɗe, danginsa su zauna, 'yan ofis ɗinku su zauna, duk mai son ji ya ji. A rubuta a babban littafin, da sunana da sunan ubana, yadda ba wanda zai sake tambaya maganar wace ce."

"Za a yi ta yawo da ita a gari, 'yata."

"Za a yi." Ta juya rigar. "Ki ce ta ba ni mako biyu kafin ta sa rana. Sai na fara zaunar da surukata, kuma ban san ko zan kwana a gidan ba bayan na gaya mata."

Wani mutum ya tsaya a ƙofa da tikiti a hannu yana tambaya ko an gama wandonsa. Matar ta duba lambar, ta miƙo hannu wajen Gwaggo, Gwaggo ta ba ta.

"Saura kaɗan, Malam," in ji ta. "Ka ba ni minti biyar."